Darasi na 14: Abin da Ke Cikin Dutse

In kun fita daga garin Kaduna kuka kama hanyar Kachiya, ba za ku yi nisa ba sai ku iso Kujama, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Chikun. Ƙasa ce mai tsaunuka da falalen duwatsu. A wannan yanki ana fasa dutse, manyan motoci suna kwasar tsakuwar zuwa inda ake gini ko shimfiɗa titi. Ku nemi ƙwaya ɗaya ta irin wannan tsakuwa. Ko ba a Kaduna kuke ba, za ku same ta duk inda ake zuba kankare. Ku wanke ta da ruwa, ku fita da ita hasken rana, ku duba ta da kyau.

Daga nesa dutsen launi ɗaya ne, toka-toka. Daga kusa kuwa za ku ga ashe ƙwayoyi ne iri-iri suka sarƙe da juna. Akwai farare ko masu ruwan hoda, su ne suka fi yawa, sunansu felsfa. Akwai masu kama da fasasshen gilashi, su ne kwaz. Akwai kuma 'yan baƙaƙe masu ƙyalli, waɗanda in kun sa musu bakin allura sai su ɓare kamar ɓawon albasa, su ne maika. Dutsen gaba ɗaya sunansa garanait, ƙwayoyin nan kuwa kowace irinsu ma'adini ce. Kamar shinkafa da wake ne a tukunya ɗaya: an dafa su tare, amma kowa yana nan da kamanninsa. Wato dutse taron ma'adinai ne.

Mene ne ma'adini?

A Hausar yau da kullum, duk abin da aka haƙo daga ƙasa mai daraja ana ce masa ma'adini, har da kwal da man fetur. Masana kimiyyar ƙasa sun taƙaita ma'anar kalmar. A wurinsu, kafin a kira abu ma'adini sai ya kasance halitta ne, ba ƙirar mutum ba. Sai ya zama daskararre. Sai an san sinadaran da suka haɗu suka yi shi. Sharaɗi na ƙarshe, wanda shi ne ginshiƙin wannan darasi, sai ƙwayoyin zarra da ke cikinsa sun jeru bisa tsari, tsarin yana maimaita kansa ta kowace fuska. Abu mai irin wannan tsari shi ake kira kiristal.

Da wannan ma'auni man fetur ya fita, don ruwa-ruwa ne. Gilashin taga ya fita, don mutum ne ya yi shi, kuma ƙwayoyin zarrarsa a hargitse suke. Gishiri ya shiga. Abin mamaki, ƙanƙarar da ke zubowa daga sama da damina ita ma ta shiga, muddin ba ta narke ba. A nan akwai wani abin lura game da harshe. Bahaushe yana kiran dutsen ƙyastu, wanda dangin kwaz ne, da sunan ƙanƙara. Girkawan dā su ma sun ɗauka kwaz mai haske ruwa ne da ya daskare har ya kasa narkewa, kuma daga kalmarsu ta ƙanƙara aka samo kalmar kiristal.

An san ma'adinai fiye da 5,000 a duniya, amma 'yan kaɗan ne suka yi yawancin duwatsu. Dalili shi ne oksijin da silikon su kaɗai sun kai kusan kashi uku cikin huɗu na nauyin ɓawon ƙasa. Kwaz haɗin waɗannan biyu ne zalla. Felsfa da maika su ma a kansu aka gina su, sai dai an ƙara da alminiyam da wasu sinadarai.

Tsarin ciki

Ku zuba ɗan gishiri mai ƙwayoyi a kan baƙar takarda, ku duba da madubin da ke ƙara girman abu. Za ku ga yawancin ƙwayoyin kamar ƙananan akwatuna suke, fuska shida, kusurwoyi a miƙe. In kun daka su, gutsattsarin ma akwatuna ne, sai dai sun ƙara ƙanƙanta. Ba wanda ya sassaƙa su. Ƙwayoyin sodiyam da na kulorin ne suka jeru a ciki, ɗaya bayan ɗaya, sahu bisa sahu, kamar jerin bulo a bango. Siffar da kuke gani a waje hoton jerin da ke ciki ce.

An daɗe ana zaton haka kafin a tabbatar. A 1669 wani masani ɗan ƙasar Denmak, Nicolas Steno, ya auna kiristal na kwaz masu yawa. Ya tarar ko dogo ne ko gajere, ko daga ina aka samo shi, kusurwar da ke tsakanin fuskokinsa ba ta canjawa. Sai a 1913 William Bragg da ɗansa Lawrence, a Ingila, suka yi amfani da hasken nan da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, suka gano yadda ƙwayoyin zarra suka jeru cikin gishiri. Sun sami kyautar Nobel a 1915 saboda wannan aiki.

Yanzu ku koma kan maika ta tsakuwarku. Ƙwayoyin zarrarta sun jeru ne shimfiɗa-shimfiɗa. A cikin kowace shimfiɗa riƙon yana da ƙarfi, amma tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa riƙon sako-sako ne. Shi ya sa take ɓarewa falle-falle. Kwaz kuwa ƙwayoyinsa sun riƙe juna da ƙarfi ta kowane ɓangare, ba shi da gefe mai rauni. In an buge shi da guduma ba ya tsagewa a miƙe, sai ya fashe kamar kwalba.

Misalin da ya fi kowane fitowa fili shi ne na lu'ulu'u da bakin fensir. Baƙin abin da ke cikin fensirinku sunansa girafait. Shi da lu'ulu'u sinadarinsu ɗaya ne, wato kabon, irin na gawayi. A cikin lu'ulu'u kowace ƙwayar kabon ta kama huɗu a kewayenta, sun yi ginin da ba ya motsi, don haka ya fi kowane ma'adini tauri. A cikin girafait ƙwayoyin sun kwanta shimfiɗa-shimfiɗa, suna zamewa kan juna. Duk lokacin da kuka yi rubutu da fensir, shimfiɗun nan ne suke saɓulewa suna zama a takarda. Kaya ɗaya, jeri daban, sai hali ya bambanta.

Yadda ake gane ma'adini

Abin da ido ya fara kamawa shi ne launi, kuma launi shi ya fi yaudara. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Ɗan ƙanƙanin baƙon sinadari ya isa ya canja launin kiristal ɗungum. Kwaz yakan zo fari, ko ruwan hoda, ko shunayya, ko launin hayaƙi, duk kwaz ne. Akwai wani ma'adini da ake kira kwarandam, haɗin alminiyam da oksijin. In ɗan ƙarfe da titaniyam suka shiga cikinsa sai ya zama shuɗi, in kuromiyam ne sai ya zama ja. 'Yan kasuwa suna sayar da su da suna biyu, shuɗin yaƙutu da jan yaƙutu, amma a wurin masani abu ɗaya ne.

Saboda haka akan bar launin waje a nemi launin gari. Ku goga ma'adinin a gindin fasasshen tangaran, inda ba a shafa masa sheƙi ba, ku dubi zanen da ya bari. Tama iri ɗaya, wadda ake kira hematait, takan zo baƙa ko ja ko ruwan azurfa, amma zanenta kullum ja ne mai duhu. Akwai kuma farait, haɗin ƙarfe da farar wuta, mai ƙyalli rawaya, wanda ya sha ruɗar sababbin masu neman zinariya. Zanen zinariya rawaya ne, na farait kuwa baƙi-baƙi. In aka buga zinariya da guduma sai ta baje, farait kuwa sai ya farfashe.

Gwaji na gaba shi ne tauri. A 1812 wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya jera ma'adinai goma daga mafi laushi zuwa mafi tauri, kowanne yana iya kartar na ƙasa da shi. Na 1 shi ne talk, wanda ake hodar shafawa da shi. Felsfa yana mataki na 6, kwaz na 7, kwarandam na 9, lu'ulu'u na 10. Ba kwa bukatar wani kayan aiki mai tsada. Farcenku yana wajen 2.5, wuƙar ƙarfe da gilashi suna wajen 5.5. Abin da farce ya karta mai laushi ne ƙwarai. Abin da ya karta gilashi ya kai 6 ko ya wuce. Ku gwada da farin ɓangaren tsakuwarku a jikin tsohuwar kwalba, za ku ga ya bar layi. Ku lura, lambobin nan matsayi kawai suke nunawa: tazarar da ke tsakanin 9 da 10 ta fi ta sauran matakan nesa ba kusa ba.

Sai nauyi, wanda ake gwada shi da nauyin ruwa mai girma daidai da abin. Kwaz ya ninka ruwa sau 2.65. Kuza ta ninka shi kusan sau 7, zinariya zalla fiye da sau 19. Ku riƙe waɗannan lambobi, za mu dawo kansu. Akwai sauran gwaje-gwaje, kamar mayen ƙarfe da ke jan wata irin tama, amma waɗannan sun isa mafari.

Yadda ma'adinai suke samuwa

Dutsen Kujama bai fara a matsayin dutse ba. Narkakken abu ne mai tsananin zafi, can ƙarƙashin ƙasa, nisan kilomitoci. Da ya fara hucewa, sai ƙwayoyin zarra suka shiga neman 'yan'uwansu suna jeruwa. Saboda ƙasa ta rufe shi, hucewar ta ɗauki dubban shekaru masu yawa, kiristal suka sami sukunin girma har ido yana ganinsu. Garanait na ƙasar Kaduna da Zariya, har da dutsen Kufena, ya daskare kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Ruwa da iska ne suka kwashe abin da ke samansa sannu a hankali har ya bayyana.

A wasu wurare na ƙasar Jama'a, kusa da Kafanchan, akwai wani baƙin dutse mai suna basal. Shi narkakken dutsen ya fito sarari ne ta hanyar aman wuta, iska ta buge shi, ya huce da sauri. Ƙwayoyinsa ba su sami lokacin girma ba, sai da madubi ake ganinsu. Ke nan girman ƙwaya yana ba da labarin inda dutse ya huce. Wannan basal ya taho da tsaraba daga zurfin ƙasa, wato shuɗin yaƙutu, wanda ake samu a kewayen Nisama. A Gwantu kuma, cikin Ƙaramar Hukumar Sanga, an sami zumurrudu, koren dutse mai daraja.

Tsaunukan Kagoro da na Jos su ma garanait ne, amma ƙannen na Kujama ne, don ba su kai shekara miliyan 200 ba. Suna cikin jerin tsaunuka da ya taso daga Azbin a Jamhuriyar Nijar, ya ratsa Kano da Bauchi da Filato, ya sauka Nasarawa. Lokacin da irin wannan garanait yake gab da gama daskarewa, sai ya bar wani ruwa mai zafi wanda ya tattara sinadaran da ba su sami gurbi cikin felsfa da kwaz ba. Ruwan ya bi tsagogin dutse, ya huce, ya ajiye kayansa. Kuza tana cikin wannan kaya.

Ba wuta kaɗai ke haifar da ma'adini ba. A Bilma, cikin hamadar Nijar, ana tara ruwan gishiri a ramuka, rana ta shanye ruwan, kiristal su fito, a yi kantu a ɗora wa raƙuma. Kanwa ma haka take samuwa a bakin tafkunan da suka ƙafe. Ruwan sama kuma yana da nasa aiki. Yakan ci felsfa a hankali har ya mai da shi farar ƙasa da yumɓu. Kwaz ba ya ciwuwa, sai dai ya warware ya zama yashi. Yashin da ke kogin Kaduna da yumɓun da ake gina tukwane da shi, da can dutse ɗaya ne.

Kuza da kawunan Nok

Yanzu ku haɗa abubuwan da muka faɗa. Ruwa ya ci garanait, felsfa ya zama laka, ya bi ruwa ya tafi. Kuza kuwa tana da tauri tsakanin 6 da 7, ba ta narkewa a ruwa, ga ta da nauyi. Rafi yakan kwashi yashi ya yi gaba da shi, ita kuwa sai ta nutse ta taru a gindin rafi tare da tsakuwa. Bayan shekaru aru-aru ƙasa ta binne tsofaffin rafuka da kuzarsu. Mai neman kuza ba sai ya fasa tsauni ba. Yakan haƙo tsakuwar tsohon rafi ne, ya zuba a ƙwarya, ya juya ta cikin ruwa kamar yadda ake rege gero ko shinkafa. Yashi mai sauƙi ya fita, baƙar kuza ta kwanta a gindin ƙwarya. Bambancin 2.65 da 7 shi ne dukan sirrin sana'ar.

Tun kafin zuwan Turawa, mutanen Riruwai a ƙasar Kano sun san wannan. Suna narka kuza da gawayi, gawayin ya janye oksijin, farin ƙarfen ya malalo, su zuba shi sirara kamar tsinke su kai kasuwa. A farkon ƙarni na 20 kamfanonin Ingila suka shiga haƙar, kuma a 1927 aka haɗa Jos da layin dogo ta Kafanchan, kuza ta riƙa sauka Fatakwal. Akwai wani baƙin ma'adini mai nauyi, kwalambait, da ke fitowa tare da kuza. An daɗe ana zubar da shi a matsayin shara. Da aka gano amfanin ƙarfen da ke cikinsa wajen ƙera injin jirgin sama, sai aka koma ana tone jujin, har Nijeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi a shekarun 1950.

A cikin irin wannan haƙa ne, a 1928, aka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu a ƙauyen Nok, wanda yanzu yake Ƙaramar Hukumar Jaba. A 1943 aka sake tono wani kusa da Jama'a. Wanda ya same shi ya kafa shi a gonar doya a matsayin mutum-mutumi, kafin ya isa hannun Bernard Fagg a Jos. Fagg ya gane cewa kawunan biyu aikin al'umma ɗaya ne, ya kira ta al'adar Nok. Bincike ya nuna waɗannan mutane sun rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce, kuma suna cikin na farko da suka narka tama a Afirka ta Yamma. Ruwan da ya tara kuza shi ne ya kwaso kayansu ya binne su wuri ɗaya.

Ma'adini mai kyau, mai guba

Akwai wani ma'adini da wataƙila yana cikin gidanku, wato tozali na dutse. Yawancinsa galina ne, haɗin dalma da farar wuta. Ganewarsa ba wuya: ruwan toka ne mai ƙyalli, yana da nauyi ƙwarai, wuƙa tana kartarsa cikin sauƙi, in ya fashe yana fashewa akwati-akwati kamar gishiri. Dalma guba ce. Tana lalata ƙwaƙwalwar ƙananan yara, shi ya sa likitoci suke hana a sa wa jarirai irin wannan tozali.

A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, yara fiye da 400 suka rasu. Dutsen da mutane suke haƙowa don neman zinariya yana ɗauke da dalma mai yawa. Suna kai shi gida suna daka shi a turmi, suna niƙa shi a injin niƙa, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara suke rarrafe. Ido ya ga zinariya, bai ga abin da ke tare da ita ba. Sai da aka kwashe ƙasar gidaje aka zuba sabuwa kafin a iya yi wa sauran yaran magani. Saboda haka kada ku ɗanɗana dutsen da ba ku sani ba, kada ku daka shi a inda ake abinci, kuma ku wanke hannu bayan kowane gwaji. Dutsen da ya gagari gwajin farce da wuƙa da tangaran, a kai shi Hukumar Binciken Ƙasa ta Nijeriya, wadda take da ɗakin gwaje-gwaje a Kaduna.

Ma'anar wasu kalmomi

falalen dutse: shimfiɗaɗɗen dutse mai faɗi
ƙwayar zarra: mafi ƙanƙantar yanki na sinadari
ƙyastu: dutse da ƙarfen da ake bugawa a kunna wuta
tangaran: kwano ko faranti na gasasshiyar farar ƙasa
karta: yi wa abu zane da wani abu mai kaifi
tama: dutsen da ake narkawa a fitar da ƙarfe
rege: juya hatsi cikin ruwa don a raba shi da tsakuwa
kantu: dunƙulen gishiri

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin dutse da ma'adini?
2. Me ya sa ba a lissafa gilashin taga cikin ma'adinai?
3. Lu'ulu'u da girafait sinadarinsu ɗaya. Daga ina bambancin taurinsu ya fito?
4. An ba ku dutse rawaya mai ƙyalli, an ce zinariya ce. Waɗanne gwaje-gwaje biyu za ku yi?
5. Bayyana da kalmominku yadda kuza take taruwa a gindin rafi.
6. Kawo jam'in waɗannan kalmomi: ma'adini, dutse, rafi, tsauni, sinadari.
7. Yi jimla da karin maganar da ta zo cikin darasin.

Aiki

Ku tattaro duwatsu biyar daga kewayen makarantarku. Ku gwada kowanne da farce, da ƙusa, da kwalba, da gindin tangaran. Ku rubuta sakamakon da Hausa, kowane dutse jimla uku, tare da sunan wurin da kuka tsince shi.